Da Sauƙi, In Ji Mai Guduma

Duk ranar Asabar da hantsi, Injiniya Misbahu Nasir yakan ɗora kular tuwo da ta miyar kuka a bayan mota, ya bar gidansa na Largo a ƙasar Amurka, ya hau babbar hanyar 95 ya nufi Woodbridge. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a hawanta da gaggawa, ko ranar hutu ce sai ta gwada haƙurin mutum. Can ƙarshen wani lungu, a gidan da shingen bayansa ke kallon layin dogo, wani tsohon Bature yake jiransa a kujerar bakin taga. Sunansa Matthew Culhane, mutumin Ireland, ya haura tamanin da biyar, kuma tun Misbahu yana yawo ba wando yake kiransa Baba.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauki, dan Heluma. Ya iyali?"

Haka yake faɗinta, da sauki, don shekara sittin yana Hausa amma harshensa bai taɓa yarda da ƙ ko ɗ ba. Su sha shayi, su zagi injiniyoyin zamani son ransu, Misbahu ya wanke kofuna ya fito. Kafin ya tayar da mota sai ya kira Olive, 'yar tsohon tilo da ke aure a Ohio, ya gaya mata da Turanci cewa babanta ya ce ya ji sauƙi. Ita kuma ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Na gode, Yaya." Iyakar Hausar da ta rage mata ke nan daga ƙuruciyarta ta Zariya.

Wannan kiran waya shi ke riƙe da tsohon a gidansa. Bara lokacin sanyi ya zame a kicin ya fasa goshi, Olive ta zo da niyyar kwashe shi zuwa gidan kula da tsofaffi da ke kusa da ita. Matthew ya ce sai dai a fita da gawarsa. Matarsa Edna tana kwance a maƙabartar bayan cocin unguwar, jiragen ƙasa suna wucewa ta bayan tagarsa, me zai je yi Ohio? Aka yi ta ja, a ƙarshe aka tsaya a kan Misbahu. Muddin yana zuwa yana gani da idonsa yana cewa lafiya, za a bar tsoho a gidansa. Ranar da ya faɗi akasin haka, magana ta ƙare. Misbahu ya amsa da sauri, har yana jin an karrama shi.

An haifi Matthew a wani ƙauye na yammacin Ireland, inda ruwan sama ba ya jiran damina. Ubansa ma'aikacin reluwe ne, mai bin layi a ƙafa kowace safiya da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yakan amsa da ƙara garau, tsagagge kuwa ya amsa a dushe. Yaron ya san wannan tun kafin ya san baƙi. Uban ya tsuke bakin aljihunsa ya tura shi jami'a a Galway ya karanta aikin injiniya, ya fito da takardarsa daidai lokacin da ƙasar ke rufe ƙananan layukanta saboda mota ta ƙwace kasuwa. Aikin farko da aka ba sabon injiniya shi ne ya tsaya a kan leburori su tumɓuke layin da ubansa ya ƙare ƙarfinsa yana bi. Ya yi aikin, yaya zai yi? Uban ya tsaya a bakin shinge yana kallo har aka ɗora ƙarfen ƙarshe a tarago, sannan ya miƙa masa gudumar, ya ce shi kam ba shi da sauran abin ƙwanƙwasawa. Matthew bai taɓa kai wannan labari ƙarshe ba sai ya tashi ya ce bari ya duba butar shayi.

Da ya ji ana neman injiniyoyi a Nijeriya, inda ake shimfiɗa sabon layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, bai nemi shawarar kowa ba. Mutum ne da ya gaji da cirewa, yana son ya ga ana sawa. Leburori suka ga Bature jajir kamar an tsoma shi a manja, yana tafe yana dukan ƙarfe yana kasa kunne, suka raɗa masa Matiyu Mai Guduma. Helumansa, wato shugaban leburorin, shi ne Malam Nasir, Bazazzagi, mahaifin Misbahu. A bakinsa ya koyi Hausa, irin ta bakin aiki mai gajeren umarni da doguwar gaisuwa. Ranar da ya daka wa wani ɗan kwangila tsawa ya ce masa "Karya!", shi ƙarya yake nufi, mutumin ya tuɓe hula ya rantse tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa kiransa macen kare ba. Da ƙyar Malam Nasir ya raba su.

A wurin aikin wata gada kusa da Gombe ya san ma'anar da sauƙi. Wani lebura ya kwana biyu yana zazzaɓi, Matthew ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, shi kuma ya mai da shi ɗaukar dutse. Kafin azahar mutumin ya yanke jiki ya faɗi. Matthew ya kinkime shi zuwa asibitin mishan, inda wata nas 'yar ƙasarsu mai suna Edna ta wanke shi tas a gaban jama'a, tana tambayarsa ko a Galway ba a koya wa injiniya amfani da ido. Leburan ya tashi, Matthew kuwa bai tashi daga wannan faɗan ba sai da ya aure ta.

Malam Nasir ne ya zaunar da shi ya warware masa. Ya ce Bahaushe ko numfashi yake ja da ƙyar, ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce. Ba ƙarya yake ba, kara ce, ba a ɗora wa mai gaisuwa nauyi, kuma ba a kai ƙarar Allah wurin mutum. Matthew ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe duk kanwar ja ce, nasu mutanen ma ko ƙafa ce ta cire "grand" suke cewa, wato lafiya lau. Daga nan ya ƙera maganarsa wadda duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya haddace: mutum yana kara, ƙarfe kuwa ba ya kara, ƙara yake yi. Matsalar kawai ita ce a bakinsa duka biyun kara suke fita. Leburori su yi ta ƙyalƙyala dariya, shi kuma yana ganin hikimar ce ta ratsa su.

Da layi ya isa Maiduguri sauran Turawa suka tattara, shi ya zauna. Ya koma Zariya yana gyaran gadoji da kwalbatocin da ruwa ke cinyewa duk damina. Nan aka haifi Olive, nan ta yi wasan ƙasa da Misbahu a kwatas ɗin reluwe. Sai mota ta sake biyo shi. Manyan motoci suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka, taragu suka fara tsatsa a tasha, ya ce ido ɗaya ba zai ga mutuwar layi sau biyu ba. Ya kwaso iyali zuwa Washington, inda ake haƙa hanyar Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya shiga rami bai fito ba sai da layi ya kai Largo, sannan ya ajiye aiki. Babu tashar da aka sa wa sunansa, babu gadar da ke ɗauke da allonsa, shi ma bai nema ba. Yakan ce layin Ireland mai faɗi ne, na Nijeriya siriri, na Amurka tsaka-tsaki, taragon da aka ƙera wa ɗaya ba ya hawa ɗayan, shi kaɗai ne ya hau duka ukun, shi ya sa gwiwoyinsa suke kuka.

Shi ya tsaya tsayin daka har Misbahu ya zo ƙasar nan bayan ya gama jami'a a Zariya, ya sa shi a hanyar aikin layi. Ko da yake na'ura ce ke binciken ƙarfe yanzu, sai da ya tilasta masa koyon guduma. Kuma shi ne wanda, shekarun baya da Malam Nasir ya kwanta ciwo yana ta cewa da sauƙi a waya, ya kama kafaɗar Misbahu ya ce, "In Nasir ya ce da sauki, yau za ka nemi jirgi." Misbahu ya ce bari ya kammala aikin da ke hannunsa zuwa ƙarshen wata. Ya sauka Zariya ana sadakar bakwai. Wannan abu yana nan a ƙirjinsa, ba ya taɓa shi, ba ya son a taɓa masa.

To, mutumin da ya san wannan duka shi ne yake zama a mota kowace Asabar yana juya da sauƙi zuwa Turanci kamar sakamakon gwajin asibiti. Kuma ba don bai gani ba. Ya ga sababbin hujojin da aka ɓula wa bel ɗin wandon tsohon da ƙusa. Ya ga kular makon jiya a firiji, an gutsiri tuwon kaɗan an rufe. Ya ga butar shayi ta ƙone ƙurmus an tura ta ƙasan kwandon shara, an rufe ta da jarida. Sau biyu tsohon ya kira shi Nasir, sunan mahaifinsa. Amma yana tambaya ana ce masa da sauki, shi kuma abin da aka faɗa yake isarwa, ya ƙara ko ya rage? Tsohon ma ya san abin da yake yi. Da likitansa Turanci yake, da maƙwabta Turanci, amma maganar jiki da Misbahu ba ya yinta sai da Hausa, don a Hausa kaɗai yake da amsar da ba za a kama shi da ita ba.

Tayyiba, matar Misbahu, nas ce a wani asibiti a Largo, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Wata Asabar ta buɗe kular da ya dawo da ita, ta ga tuwonta ya yi tsami, ta dube shi.

"Abban Radiyya, me ka gaya wa Olive yau?"

"Abin da ya ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce da sauƙi."

"Kai kuma ka ce mata he's better." Ta ajiye murfin. "Tun da kake, ka taɓa jin Bahaushen da ya ce babu sauƙi?"

"Ai shi ba Bahaushe ba ne."

"A wannan kam ya fi ka. Wa ya koya masa? Ba Malam ba?"

Ya tashi ya bar mata kicin ɗin. Ta biyo shi da magana, a hankali, ta ce ita ba ta ce ya ci amanar tsoho ba, amma yarinyar nan ma amana ta ba shi, kuma ya fi kowa sanin yadda ake ji in aka kira mutum bayan an gama. Ranar bai ci abinci ba. Haushinta yake ji, don ta faɗi gaskiya.

Asabar ɗin da ta biyo baya hanya ta cushe, bai isa ba sai bayan azahar. Ƙofa a buɗe, kujerar bakin taga wayam. Ya yi sallama, shiru. Ya duba ɗaki, ya duba banɗaki. Sai ya lura ƙusar da ke bayan ƙofar kicin, inda gudumar Ireland take rataye tun da aka sayi gidan, babu komai a kanta. Ya fita da gudu. A shingen baya akwai inda waya ta saki, daga nan ƙasa ta gangara sannan ta hau tudun tsakuwar da layi ke kai. A gindin tudun ya same shi, zaune dirshan, silifas ƙafa ɗaya, gwiwar wando ta yage jini ya bushe a kai, gudumar a rungume a ƙirjinsa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake nan cikin rana.

"Innalillahi! Baba, me ya fito da kai?"

"Na ji karfe yana amsawa a dushe. Tun safe. Na ce bari in duba kafin jirgi ya zo." Ya ɗaga ido. "Tsakuwar nan ce ta yi santsi, Nasir."

Misbahu bai gyara masa sunan ba. Ya san layin nan ana bin sa da na'ura, ya san dushewar a kunnen tsohon take. Ya sunkuya ya ɗauke shi, ya ji shi sakayau, mutumin da a da yake saɓa shi a wuya ya zagaya tashar Zariya da shi. Suna kaiwa shinge jirgin kaya ya taho, dogo, ƙasa tana rawa. Misbahu ya juya ya dubi inda tsohon ya yi niyyar hawa ya tsuguna ya kasa kunne.

A kicin ya wanke masa gwiwa, ya ba shi ruwa. Bakin da ya saba ya riga shi, ya ji kansa yana cewa, "Ya jikin, Baba?"

"Da sauki." Hankalin tsohon ya dawo, ya san wanda ke gabansa, ya kuma san abin da ya faru. Ya kama hannun rigar Misbahu. "Dan Heluma, ka yi mini kara."

Misbahu ya dubi hannun. Kara Baba yake roƙo, ya rufa masa asiri wurin Olive, wannan a fili yake. Amma kalmar ta fito ne daga bakin da ya yi shekaru yana maimaita masa cewa ƙarfe ba ya kara, ƙara yake yi, kuma a wannan bakin ba a taɓa bambance su ba. Da wanne zai yi aiki, da roƙon yau ko da karatun jiya? Ya so ƙwarai ya ce to. Kalma ce guda, da ya faɗe ta tsohon zai sake shi, su sha shayi, ya koma Largo a matsayin ɗan halak.

"Baba, da ni ne na ji ƙarfe ya amsa haka, na bar jirgi ya hau, me za ka yi mini?"

Tsohon ya saki rigar.

Misbahu bai jira ya shiga mota ba. A nan kicin, a gaban mai gidan, ya kira Olive. Ya gaya mata bel, ya gaya mata buta, ya gaya mata shinge da tsakuwa da jirgi. Ya ce mata kalmar da yake ta fassara mata wata da watanni gaisuwa ce kawai, ba labarin lafiya ba ce, kuma ya sani tun farko. Ta tambaye shi ko haka mutum yake yi wa ƙanwarsa. Da ya kashe wayar Matthew ya gode masa da Turanci tsantsa, irin wanda ake yi wa mai gyaran famfo, ya kira shi Mista Nasir, ya ce zai iya tafiya.

Daga ranar Hausa ta ɗauke a gidan. Olive ta iso, aka fara naɗe kaya a kwali. Misbahu yana zuwa bayan aiki yana taya su, yana gaishe da tsoho yadda ya saba, ana amsa masa da Turanci ko a juya masa ƙeya. Wannan ya fi zagi ciwo. Ya rame, Tayyiba ta daina yi masa maganar, sai dai ta ajiye masa abinci ta zauna kusa. Yakan tambayi kansa ko ceton tsohon ya yi, ko kuwa shi ma an ba shi aikin tumɓuke layi ne ya yi, mai layin yana tsaye a bakin shinge yana kallo. Olive ta ce a wurin da za a kai shi akwai lambu da likita a kusa. Misbahu ya tambaye ta ko jirgi yana wucewa ta wajen. Ta ce a'a, wurin shiru ne, tana faɗa kamar abin yabo.

Ranar tafiya suka fara biyawa ta kabarin Edna, sannan suka dawo ɗaukar akwati. Aka zaunar da Matthew a kujerar gaba, aka ɗaura masa bel ɗin mota, gudumar tana kan cinyarsa don ya ce ba za ta shiga kwali ba. Misbahu ya tsuguna a bakin ƙofar motar. Bai tambayi jiki ba, ya san ba shi da sauran hurumin wannan tambaya. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya yunƙura zai tashi.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, kallon da yake yi wa ƙarfe kafin ya ɗaga guduma.

"Dan Heluma," in ji shi. "Kai fa, ya jiki?"

Hausar ta bugi Misbahu a ƙirji har sai da ya dafa ƙofa. Ya ce, "Da sauƙi, Baba."

Matthew ya miƙo hannu, ya dunƙule yatsu, ya ƙwanƙwasa masa ƙirji sau biyu, ya karkata kai yana saurare.

"Karya kake," ya ce.

Olive ba ta gane me ya sa Yaya yake dariya hawaye yana zuba ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta rufe ƙofa ta tayar da mota. Misbahu ya tsaya har suka sha kwana, sannan ya koma ciki ya ɗauko kular Tayyiba daga firiji, ya kulle gidan. Jirgin yamma ya zo wucewa yana cikin ɗaure wayar shingen da ta saki, ya dakata ya saurara har taragon ƙarshe ya wuce.